Tukunyar Maman Rahila da Notin da Na Ɓoye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga autata Safiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya. Allah ya sa kin tarar da mutanen kirki a inda aka tura ki bautar ƙasa, ya tsare min ke a hanya da masauki, ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe. Labarin gida kya ji a waya, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

In kina karanta wannan takarda, to kin buɗe tukunyar da hannunki, don a cikinta zan lallaɓa in sa ta kafin ki tafi. Ban manta abin da kika ce ranar da muke haɗa kaya ba: "Umma, don Allah ki bar abin nan a gida, ni ko kallonta ba na son yi." Na ce to. Kina fita sallamar ƙawayenki na naɗe ta a tsohon zanena, na cusa ta ƙarƙashin garin masara da kuka da daddawa. Ki yafe min wannan, ƙaramin laifi ne in aka gwada shi da wanda zan faɗa miki. Akwai magana a kan tabon da ke hannunki na hagu, na riƙe ta shekara goma sha tara, bakina kuma ya kasa furta ta kina kallona. Zan iso gare ta. Amma ki bar ni in bi ta hanyar da na sani, wato ta kan tukunyar.

Da muka baro ƙauyenmu muka kama haya a Tarauni, lokacin marigayi babanku yana jan bas, ɗakinmu yana kallon na wata malamar makaranta 'yar Filato, Maman Rahila. Ranar da na fara jin tukunyar firesharta, mai dafuwa da matsin tururi, ta yi shewa, zani a hannu na yi waje, na ɗauka wani abu ne zai tashi da gidan. Ta yi dariya har da hawaye, ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da rishonta. Daga ranar na zama 'yar kallo. Da la'asar rana takan shigo ta saman katanga ta faɗa kan tururin, sai ya zama kamar hayaƙin turaren wuta, hular tukunyar tana rawa a hankali, ƙamshin wake yana zaga tsakar gida. Nakan zauna da tsintar shinkafa a cinya in manta da ita. Maman Rahila tana ba ni labarin duwatsunsu, inda ta ce wake yana da taurin kai, sai ya cinye itacen yini guda bai yi laushi ba saboda tudu da sanyi. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, sai in riƙa ganin duwatsun a cikin tururin.

Yanzu ga shi an ce Mambila za ki zauna, inda ya fi nasu tudu, har gajimare yakan shigo ɗaki ta taga. Tun da takardarki ta fito nake ganinki a can, kin tsuguna gaban murhu da rigar sanyi, kina jiran waken da ya ƙi nuna. Shi ya sa na kasa barin tukunyar a gida.

Da aka mayar da Maman Rahila garinsu ta bar min ita. Ta kife ta, ta nuna min rubutun da ke gindinta, suna da lamba, ta ce, "Maman Auwalu, wannan ne sunanta, kar ki yarda ya goge. Tukunya ce mai ƙa'ida, abin da ba nata ba ba ta karɓa." Na ce na ji. Ashe kunnena ne kawai ya ji.

Kuskurena na farko a kan robar murfi ne, wannan zoben da yake zama cikin murfin ya hana tururi fita ta gefe. Bayan kamar shekara guda tawa ta saki, ruwa ya fara tsatsafowa ta bakin tukunya, shewar ma sai da ƙyar. Na zare robar na ƙulle a bakin mayafi na tafi Gyaɗi-Gyaɗi wajen Malam Ɗanlami mai gyaran risho da tukwane. Kin san rumfarsa, wadda robobi suke rataye a ƙusoshi kamar awarwaro, manya da ƙanana, baƙaƙe da farare, iska tana kaɗa su. Na miƙa masa na ce a ba ni irinta.

Ya juya ta, ya ja ta, ya ce, "Hajiya, ina murfin?"

Na ce yana gida.

Ya ce, "To ana ɗinka hula ba a ga kai ba? Wannan ta sha wuta ta buɗe, ba girmanta na asali ke nan ba. Koma ki ɗauko."

Ni kuwa kin san ni da zuciya. Rana ta take, in koma Tarauni in dawo saboda murfi? Na ce a raina tsohon nan iyayi ne da shi. Na tsallaka titi wajen wani mai baro, ya ɗora tsohuwar a kan sabuwa, suka yi daidai cif, na saya na taho ina jin na yi wayo. Da na zo sawa, ta yi wa murfin yawa, tana tanƙwarewa tana fitowa. Maimakon in saduda sai na sa reza na rage ta, na haɗa bakin biyu. Tururi ya samu ƙofa. Na kwaɓa fulawa na liƙe wajen. Babanku ya leƙo ya ga ƙullin ya gasu a bakin tukunya, ya ce, "Yau kuma har da burodi aka yi mana?"

Saboda haka, Auta, duk ranar da robarki ta gaji, kar ki kai tsohuwar kasuwa a matsayin ma'auni. Wata takan buɗe, wata takan tsuke ta bushe, duk ƙarya za su yi miki. Murfin za ki ɗauka, komai nisa, a gwada a gabanki. Ki ga ta kwanta cikin tsaginta ba ki ja ba, ba ki cusa ba. In sai an yanke, ba taki ba ce. In sai an miƙar da ita da ƙarfi, ba taki ba ce. Kuma kar mai shago ya ce miki, "Ai lita biyar ce, ga ta lita biyar." Wannan ma na faɗa ciki daga baya. Wata tukunyar doguwa ce mai ƙaramin baki, wata gajera mai faɗi, cikinsu ɗaya amma bakinsu ya bambanta. Akwai kuma masu murfin da yake shiga ciki, robarsu siririya ce mulmulalliya. Taki murfinta a sama yake zama ana murɗa shi, robarta mai kauri ce mai leɓe biyu. Kama da wane ba ta wane, ki karanta musu sunan da ke gindin tukunyar da lambarta.

Ki kuma shinshina kafin ki karɓa, kar ki ji kunya. Na taɓa sayen wata mai araha, baƙa ƙirin tana sheƙi, girmanta daidai. Tana jin wuta sai gidan ya ɗauki warin taya. Babanku ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali, ya ce waken nan da alama ya yi doguwar tafiya a mota. Muka zubar wa kaji, su ma suka yi ta kallonmu. Robar kirki ba ta wari, in kin lanƙwasa ta ba za ki ga tsagewa ba, in kin saki takan koma yadda take.

Duk waɗannan abin dariya ne, mun yi dariyarsu tare da ku sau da yawa. Daga nan ne maganar take yin nauyi.

Hular tukunya, wannan ɗan ƙarfen mai nauyi da yake zama a kan bututun murfi yana rawa yana shewa, ta ɓace min wata rana wajen wanke-wanke. Ina jin kwata ta faɗa. Wata maƙwabciya tana da babbar tukunya ta masu sayar da abinci, na aro tata. Ta zauna a bututun kamar don shi aka yi ta, sai dai ta fi tawa nauyi a hannu. Na ce ai gara haka, abinci zai fi saurin nuna. Ban san cewa nauyin hula shi ne yake faɗa wa tukunya iya tururin da za ta riƙe ba, kowace da nata gwargwado. Na ɗora ganda, na jira shewa, shiru. Can sai na ji fus! Tururi ya miƙe sama ta wata 'yar ƙofa a gefen murfin, wadda ban taɓa kula da ita ba.

A wannan karon na ɗauki murfin na kai wa Malam Ɗanlami. Ya nuna min 'yar ƙofar. Ya ce su fiyus suke ce mata. A tsakiyarta akwai ɗan ƙarfe mai laushi, an yi shi ne don ya narke in zafi ya wuce kima, tururi ya samu hanya kafin tukunya ta nemi hanya da kanta. Ya ce, "Wannan ba lalacewa ta yi ba, aikinta ta yi. Ita ta cece ki." Ya samo min hula irin tawa a cikin gwangwanin tarkacensa, ya auna ta a tafin hannu, ya duba lambarta. Amma fiyus ɗin ya ce babu irinsa a ƙasa, sai ranar Alhamis in ya shiga kasuwa. Akwai wasu da ya nuna min masu kama da shi, ya ce zarensu bai yi daidai da ramin ba, ba zai sa min ba.

Ranar Litinin ce. Kwana uku kawai, Safiya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, ni ko wake ban iya jira in dafa a tukunyar ƙasa ba. A hanyata ta komawa na tsaya wajen mai gyaran babur, na ce ya toshe min ramin. Ya sa ƙusa mai zare da noti, ya yanko 'yar robar tayar babur ya sa a tsakani, ya ɗaure tam. Na koma gida na ɗora, ta yi shewarta lafiya lau. Alhamis ta zo ta wuce ban koma ba. Har ina faɗa wa kaina na fi Malam Ɗanlami dabara. Babanku bai sani ba, don ba ya shiga harkar tukwane, ni kuma in na wanke sai in kife murfin.

Sati uku ina girki da ita haka.

Ranar da abin ya faru, hantsi ne, gari ya yi luf bayan ruwan sama. Kina da shekara huɗu. Na shimfiɗa miki tabarma a ƙofar kicin, kina jera murafen kwalba kina yi musu waƙa, kin ce su 'yan makaranta ne. Na cika tukunyar da wake fiye da yadda ya kamata, na rufe ban ɗaga murfin na leƙa bututun ba. Na tafi shanya a igiya. Ina tuna yadda gidan ya yi tsit, har ina jin daɗin shirun, ina kallon ɗigon ruwa yana sauka daga ganyen darbejiya. Ban tambayi kaina me ya hana tukunya shewa ba. Ɓawon wake ne ya toshe bututun. Ƙofar da za ta cece mu kuwa na riga na sa an ɗaure ta da noti.

Robar murfin ce ta ɓalle ta gefe. Ta gefen da kike.

Ba zan rubuta miki kukan da kika yi ba, ina jin sa har yau in tukunyar wani gida ta yi ƙara. Na sure ki sai asibiti, ko takalmi babu. Aka kira babanku daga tasha, ya iso yana haki, ya ce, "Garin yaya?" Kafin in buɗe baki, wata maƙwabciya da ta rako mu, wadda ba ta ma wajen lokacin da abin ya faru, ta ce, "Ai yaran yanzu da taɓe-taɓe, hular ta ja." Babanku ya dube ni. Na sunkuyar da kai ban ƙaryata ta ba. Tsoro ne ya kama ni, da kunya, na ce in hankali ya kwanta zan faɗa masa. Da muka dawo gida, abin da na fara yi shi ne kwance notin nan na jefa shi ƙasan adakata.

Kina tabarma, Safiya. Ko kusa da murhun ba ki je ba. Hannunki bai taɓa komai ba.

Bayan kin warke na kai wa Malam Ɗanlami murfin. Ya ɗaga shi sama ya dubi ramin, ya ga shatin da notin ya bari. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko fiyus a cikin 'yar leda, ya ce tun waccan Alhamis ɗin yake ajiye da shi. Ya ɗaura, ya sa sabuwar roba, ya duba bakin tukunyar ko ya lotsa, ya ce ba ta yi komai ba. Da zai miƙo min ya ce, "Ya jikin yarinyar?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. Hajiya, wannan ƙofar ba a rufe ta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma har yau in na wuce ta gaban rumfarsa gaisuwa kawai muke yi.

Daga nan sunan ya bi ki. Babanku da wasa yake kiran ki Tattaɓa, yayyenki suka ɗauka, har dangi na ƙauye. In baƙi suka tambayi tabon, sai a ba su labarin yarinyar da ta ja hular tukunya, ke ma ki yi murmushi ki ja hannun riga ki rufe. Ina kallon yadda kika taso kina harɗe hannuwa a baya in kin shiga ɗakin mutane. Ko kofi za ki ɗauka sai kin ce, "Umma, in taɓa?" Mutane suna yaba miki natsuwa, ni kuwa na san inda ta samo asali, kowane yabo sai ya soke ni. Kullum ina cewa gobe. Har babanku ya kwanta ciwon ajali, na zauna a gefensa da maganar a bakina, ya tafi ban faɗa ba. Wannan tsakanina da Allah ne, ina roƙon gafararsa. Amma ke kina raye, kuma ba zan bari ki je wata ƙasa ki fara rayuwarki kina ɗauke da laifin da ba naki ba.

Ga abin da za ki gani a cikin tukunyar. Akwai roba biyu sababbi, da murfin na je aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, don ban sani ba ko ana samun irinsu a can. Kar ki naɗe su, kar ki rataye a ƙusa ko ki bar su a rana, ki kwantar da su a kwance inda ɓera ba zai kai ba. Akwai fiyus ɗaya a leda. In na jikin murfin ya narke, ki fara tambayar kanki me ya narkar da shi kafin ki sa sabo, ko ruwa ne ya ƙone, ko bututu ne ya toshe. Akwai kwali da na yanka daidai da cikin murfin, na rubuta sunan tukunyar da lambarta a kai, ko da rubutun gindin zai goge. Hular na ɗaure ta da jan zare a mariƙi, kar ki ara wa kowa, kar ki aro ta kowa. Mariƙin ma in ya yi sako-sako ki ɗaure shi tun da wuri. In ya karye, ki nemi wanda ramukan ƙusarsa suka yi daidai da na tukunyar, don a cikinsa maƙullin murfin yake, kar wani ya huda miki sabon rami.

Ranar da kika ji za ki iya, ki fara da ruwa zalla. Ki jiƙa robar a ruwan ɗumi, ki kwantar da ita. Ki ɗaga murfin sama ki leƙa bututun, sai kin ga haske ta ciki, in ba ki gani ba ki zura tsinken tsintsiya. Wake kar ya wuce rabin tukunya. Ki zauna kusa ki saurara. In ta yi shewa, lafiya take. In ta daɗe a wuta ta yi shiru, ki kashe wutar ki matsa, ki bar ta ta huce da kanta, kar ki taɓa murfin sai tururin ya gama fita. In kin gama ki cire robar ki wanke ta daban, ki kife murfin a kai ba tare da kin murɗa ba, ta samu ta huta.

In kuma kin ji ba za ki iya ba, ba dole. Ki ba wata a can wadda take buƙata, ki haɗa mata da robobin da kwalin, ki karanta mata wannan sashen. Ba zan ji haushi ba.

A ƙasan komai akwai ɗan ƙulli a tsumma. Notin ne, da ƙusarsa, har da guntun robar tayar. Shekara goma sha tara yana adakata, duk ƙaurar da muka yi daga Tarauni zuwa Daurawa zuwa nan yana biye da ni. Naki ne yanzu, don ke kika biya shi da fatarki. Ki jefa shi a rafi, ko ki ajiye, ko ki dawo da shi ki ajiye a gabana ki faɗa min duk abin da ke ranki, zan zauna in ji. Yayyenki kuwa zan tara su ranar Juma'ar da za ki tafi, in faɗa musu da bakina. Babu mai sake kiran ki da wancan sunan a gidan nan.

Jiya da la'asar na zauna a tsakar gida, wajen da tukunyar take zama ya yi fayau. Na rufe ido na gan ki a kan tudun nan, gajimare yana wucewa ta taga, kin naɗe hannun riga har gwiwar hannu, tabon a fili, kina ɗaga murfi sama kina neman haske. Ban sani ba ko haka za ta kasance. Abin da nake roƙo ke nan.

Ki yafe min, Safiya.

Allah ya tsare ki daga wuta da ruwa da sharrin hanya, ya ba ki maƙwabta irin Maman Rahila, ya haɗa ki da masu gaskiya irin Malam Ɗanlami, ya sa ki fi ni jin magana. Allah ya jiƙan babanku, ya dawo min da ke lafiya. Ki taɓa duk abin da kike so, 'yata, hannunki mai albarka ne.

Wassalam.

Ummanki,
daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.